Shafin da ya ƙi rufuwa a kwamfutar Baffa

Akwai wani irin shafin intanet da idan ya buɗe a kwamfutarka ba ya yarda ka fita. Zai mamaye allon baki ɗaya, ya ɓoye inda ake latsawa a rufe, ya saki jiniya, sannan ya rubuta maka da manyan baƙaƙe cewa an kulle na'urarka, maza ka kira lamba kaza kafin duk abin da ke ciki ya salwanta. Sana'ata buga takardu ce da 'yan gyare-gyaren kwamfuta, don haka na saba a shigo mini da na'ura tana wannan ihun. Galibi nakan kashe burauzar, mai ita ya yi godiya ya tafi. A kan ta Baffa ne, ƙanen mahaifina, na zauna na bi abin daki-daki, har sai da na buɗe cikin shafin na ga da me aka ƙulla shi.

Baffa tsohon hedimasta ne. Tun da ya yi ritaya ya duƙufa wajen rubuta tarihin zuri'armu a wata laftof mai Windows 10 da babban ɗansa ya saya masa. Duk abin da ya tara yana cikinta: sunayen kakanni, hotunan tsofaffin takardun gonaki, da muryoyin dattawan da ya naɗa, waɗanda wasunsu sun riga mu gidan gaskiya. Bayan sallar isha'i ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa. "Ɗana, in ba ka yi nisa ba ka leƙo. Kai kaɗai."

Na same shi a zaure, ya kifa matashi a kan laftof ɗin don rage ƙarar, domin kashe ta ya gagara: muryar wata mata ce da Turanci take ta nanata cewa kada a kuskura a kashe. Na fara ɗauke matashin, saboda na'urar ta yi zafi jau, fankarta na gurnani. Allon shuɗi ne, ga tambari irin na Microsoft, ga ƙananan akwatuna suna tsalle ɗaya bisa ɗaya. An rubuta cewa ana kwashe bayanan bankinsa, kuma an gano an shiga shafukan batsa da wannan kwamfuta. Wannan layin na ƙarshe shi ya sa ya ce in zo ni kaɗai. A gefensa na ga takardar kuɗin wuta, ya juya bayanta ya kwafe lambar da jan biro, lamba mai farawa da +1, wato ta Amurka.

Na ce, "Baffa, kun kira su?"

Ya ce, "Katin da ke wayata ba zai kai ba. Da safe na so in sa."

"Akwai abin da kuka rubuta a ciki? Lambar kati, ko kalmar sirri?"

"Ban rubuta komai ba. X ɗin nan dai na yi ta dannawa, kuma kullum na danna sai abin ya ƙara haukacewa."

Da jin haka hankalina ya kwanta. Duk wanda aka kawo wa irin wannan matsala, waɗannan tambayoyin ya kamata ya fara da su, domin su ne ke raba aikin rabin sa'a da aikin da zai kai ka banki. Shafin shi kaɗai ba ya iya taɓa fayil ko ɗaya. Ɓarna tana farawa ne daga lokacin da mutum ya ɗaga waya.

Na kashe hanyar intanet daga wayarsa, wadda ita ke ba laftof ɗin data. Jiniyar ba ta tsaya ba, sai Baffa ya dube ni. Na yi masa bayani cewa shafin ya riga ya sauka, yana gudana ne daga cikin burauzar, yanke data kawai zai hana shi jawo wani sabon abu. Na danna madannin kashe sauti, zauren ya yi tsit, a sannan ne muka samu natsuwar duba allon da kyau.

Na ce ya dubi agogon da ke kusurwar ƙasa ta dama. Yana nuna tsakar rana, alhali an daɗe da idar da isha'i. Kwanan watan ma tsarin Amurkawa ne, wata kafin rana. Da ya gyara tabarau ya ƙara dubawa, shi da kansa ya lura babu alamar Word a layin ƙasan, ita da kullum take nan. Duk abin da muke kallo hoto ne: layin ƙasa, akwatunan gargaɗi, har X ɗin da ya sha dannawa. Kamar a rataya labule a bakin ƙofa a zana bulo a jikinsa, ƙofar na nan a buɗe, kai kuma kana tsaye kana cewa an toshe. Na ƙara masa da abin da kamfanin Microsoft da kansa ya sha faɗa, cewa saƙonninsa na gargaɗi ba sa zuwa da lambar waya. In ka ga lamba a jikin gargaɗi, ba daga can ya fito ba.

Na taɓa Esc, wanda a ƙa'ida shi ke fitar da shafi daga cika allo. Bai motsa ba. Sai na danne shi na riƙe. Bayan kamar daƙiƙa biyu hoton ya tsuke, ainihin tagar Chrome ta bayyana, da jerin shafukanta a sama da layin adireshi. Adireshin tarkacen baƙaƙe ne da lambobi, babu abin da ya haɗa shi da Microsoft. Baffa ya ja dogon numfashi, ya ce, "Alhamdulillahi, ashe tana nan."

Amma aiki bai ƙare ba. Na danna Ctrl da W don rufe shafin, sai burauzar ta daskare, kibiya na ja da ƙyar. Can wani ɗan akwati ya fito a sama yana tambaya ko a bar shafin, da zaɓi biyu, Leave da Cancel. Wannan akwatin na gaskiya ne, na burauzar ne, kuma Leave ake latsawa. Na latsa, shiru. Ban tsaya jayayya da ita ba. Na tambayi Baffa ko akwai rubutun da bai adana ba, ya ce babu, sai na danna Ctrl da Alt da Delete a tare. Waɗannan ukun Windows ce da kanta ke amsa su, babu shafin intanet da ke iya tare su. Na zaɓi Task Manager, wato tagar da ke nuna manhajojin da ke aiki a kwamfuta, na ga Chrome a can sama ta cinye kusan dukkan ƙarfin na'urar. Na haska ta, na latsa End task. Nan take fankar ta fara lafawa.

Sai gaɓar da mutane da yawa ke komawa gidan jiya. Da na sake buɗe Chrome, ta fito da ɗan saƙo cewa ba a rufe ta yadda ya kamata ba, ga maɓallin Restore mai shuɗi yana jiran a taɓa. Hannun Baffa har ya kai kan linzami, domin a tunaninsa gyara ne. Na ce, "Baffa, ku dakata. Wannan shafukan ɗazu zai dawo da su, har da wancan." Na rufe saƙon ta ɗan x ɗinsa. Na sha ganin wanda ya kashe kwamfuta ya kunna, ya latsa Restore, jiniya ta dawo, ya sake kashewa ya sake latsawa, har ya sakankance lallai bairos ne ya shige ta, ya ɗauki waya ya kira.

Da komai ya lafa na buɗe tarihin burauzar da Ctrl da H, don in ga ta ina aka shigo. Abin da na fara cin karo da shi jerin adireshi ɗaya ne maimaice, layi bayan layi, sai da na yi ta gangarawa kafin ya ƙare. A ƙarƙashinsa ga wasu adireshi da aka wuce ta kansu cikin minti guda, kowanne yana miƙa wa na gaba. A gindinsu duka kuwa wani shafin kallon ƙwallo ne kyauta. Jikan Baffa, ɗan aji biyu a babbar sakandare, ya ari laftof ɗin da yamma ya kalli wasa, ya bar shafin a buɗe. Da Baffa ya zo ya danna wani wuri don ya rufe, talla ta ɗauke shi ta yi ta jifa da shi har ta dire shi inda muka same shi. Babu shafin batsa ko ɗaya a tarihin. Na sa ya karanta da idonsa, domin na san wannan ya fi damunsa fiye da batun banki.

A nan raina ya ɓaci, kuma har yanzu in na tuna yana ɓaci. Waɗannan mutane sun san abin da suke yi. Sun san in aka tsorata mutum kawai, zai ruga wurin ɗansa ko maƙwabcinsa ya nemi taimako, a warware masa cikin minti biyar. Shi ya sa suke haɗa masa da zargin da ba zai iya nuna wa kowa ba. Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida, su kuwa sun haɗa wa dattijo biyun a zaurensa. Mutumin da ya shekara talatin da wani abu yana tarbiyyar 'ya'yan jama'a ya zauna yana tunanin yadda zai kira baƙo a wata ƙasa a asirce, don kada iyalinsa su ga abin da bai aikata ba.

Ya so ya aika a taso yaron. Na ba shi haƙuri, na ce shafukan kallo kyauta sun fi kowane wuri tara irin wannan talla, amma ba su kaɗai ba ne. Ana faɗawa ta shafukan sauke waƙoƙi da littattafai, ta adireshin da aka yi kuskuren harafi ɗaya wajen rubutawa, har ma ta tallan da ke fitowa a saman sakamakon bincike. Yaron da aka daka a kan wannan, gobe in ya gani a wayarsa ɓoyewa zai yi.

Na mayar da data. Ba a jima ba sai ga wani ɗan akwati ya ɓullo a kusurwar ƙasa ta dama, wai an gano bairos, a latsa a goge. Baffa ya ce, "Ka gani ko? Sun dawo." Wannan kuma wata dabara ce daban. Wani daga cikin shafukan da aka ratsa ya ce a latsa Allow don tabbatar da cewa mutum ne ba inji ba, aka latsa, alhali izinin turo sanarwa aka ba shi. Na shiga Settings, sashen Privacy and security, na buɗe Site settings, sannan Notifications. Ga su nan a jere, adireshin da ba wanda ya san su, an ba su izini. Na toshe su ɗaya bayan ɗaya, na kuma saita burauzar ta daina barin shafuka su nemi wannan izinin. Baffa ba ya buƙatar sanarwa daga kowane shafi.

Sauran binciken bai ɗauki lokaci ba. Na duba ƙarin manhajojin da ake liƙa wa burauza, na duba jakar Downloads, na duba jerin manhajojin da aka sa kwanan nan, ina neman irin su AnyDesk da TeamViewer da UltraViewer. Waɗannan halastattun manhajoji ne, masu gyara na amfani da su, amma su ne 'yan damfara ke sa mutum ya sauke da hannunsa don su riƙe linzamin kwamfutarsa daga nesa. Babu ko ɗaya. Na goge tarihi da ajiyar burauzar bayan na kwafe adireshin a takarda, na sa Windows Security ta yi cikakken bincike. Ta gama ba ta samu komai ba.

Da na koma gida barci ya ƙi zuwa, sai na ɗauko wata tsohuwar kwamfuta da babu komai a cikinta. Idan ka rubuta view-source: a gaban adireshi, burauza za ta nuna maka rubutun da aka gina shafin da shi ba tare da ta aiwatar da shi ba. Haka na yi. Wani ɓangaren an dagula shi da gangan don kada ya karantu, amma abin da ya rage ya isa. JavaScript ne zalla, harshen da Brendan Eich ya ƙirƙiro a kamfanin Netscape a 1995, wanda kusan kowane shafi ke amfani da shi a yau. Kuma babu wani umarnin sihiri a ciki. Umarnin cika allo shi ne wanda shafukan bidiyo ke amfani da shi. Umarnin riƙe madannai, wanda ya hana Esc aiki da taɓawa ɗaya, an shigo da shi Chrome a 2018 saboda masu wasannin kwamfuta da masu aiki da wata na'urar daga nesa, kuma masu burauzar sun bar dannewa da riƙewa a matsayin ƙofar fita. Akwatin tambayar barin shafi daga wani umarni ne mai suna beforeunload, wanda aka yi don kada wanda ke cike fom ya yi asarar rubutunsa. Daskarewar kuwa daga wani ɗan layi ne da ke cusa adireshi cikin tarihin burauza babu tsayawa, shi ne dogon jerin da na gani, shi ne kuma ke sa maɓallin komawa baya ya zama banza.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne layin da ke cewa duk inda aka latsa a shafin, a cika allo, a kunna sauti. A nan na gane amfanin X ɗin ƙarya. Masu burauza sun daɗe suna ɗaure hannun irin waɗannan shafuka. A 2016 Chrome ta hana shafi rubuta nasa saƙon a cikin akwatin barin shafi, domin da can a nan suke zuba barazana. A 2017 ta ce akwatin ba zai ma fito ba sai mutum ya taɓa shafin. A 2018 ta taƙaita kunna sauti kai tsaye. Cika allo ma sai da taɓawar mutum. Ke nan shafin yana buƙatar ka latsa, ko sau ɗaya ne, kafin ya samu ikon yin kusan duk abin da yake yi, sai ya zana maka X a inda ya san hannunka zai je. Kowace dannawar Baffa sabon izini ce yake ba shi. Da madannai ake fita daga irin wannan shafi, ba da linzami ba.

Dabarar ta tsufa, kaya kawai take sauyawa. A 2013 kamfanin tsaro na Malwarebytes ya ba da rahoton wani shafi da ke shigar burtu da sunan hukumar FBI, yana tare masu kwamfutar Mac, yana neman tarar dala 300, kuma an jera masa akwatuna 150 da sai ka rufe su ɗaya-ɗaya. A 2017 Apple ya gyara Safari, burauzar iPhone, a iOS 10.3 bayan wasu sun riƙa kulle ta da akwatuna marasa ƙarewa suna neman a biya su da katin iTunes. A 2018 aka ga masu sauya kibiyar linzami da hoto mai faɗi, ta yadda inda kake gani kana latsawa daban, inda latsawar ke sauka daban. Kullum aka toshe wata kafa sai su nemo wata. A 2025 Edge, burauzar Microsoft, da Chrome duk sun fito da sababbin hanyoyin gane irin waɗannan shafuka tun suna buɗewa, shi ya sa sabunta burauza ba ƙaramin abu ba ne.

Da Baffa ya kira lambar, wani mai ladabi ne zai ɗauka, ya ce shi ma'aikacin Microsoft ne. Zai sa shi ya sauke ɗaya daga manhajojin can, ya buɗe masa Event Viewer, inda kowace Windows mai lafiya ke tara jajaye da rawayen alamomin ƙananan kurakurai, ya ce ga shaidar kutse. Daga nan sai kuɗin gyara, ko a ce ya buɗe asusun bankinsa a duba. Sana'a ce mai ofisoshi da ma'aikata. A watan Oktoban 2023 hukumar bincike ta Indiya, CBI, ta kai samame wurare 76 a wani aiki da ta kira Chakra-II, da haɗin gwiwar Microsoft da Amazon, kuma cibiyoyin kiran waya masu wannan damfara na cikin waɗanda aka dira a kansu. A Amurka, FBI ta karɓi ƙorafi 37,560 kan wannan nau'in damfara a 2023, da asarar sama da dala miliyan 924, kuma kusan miliyan 590 daga ciki na 'yan shekara 60 ne zuwa sama. Sa'annin Baffa ke nan. Lambar da ya kwafe ba don shi aka sa ta ba, Amurkawa ake hari, amma talla ba ta tantance wanda take faɗa wa.

Washegari na koma da filashi, na kwafe masa dukkan aikin tarihin, na ce a ajiye shi a wani ɗaki daban. Na buɗe wa jikan nasa asusu na kansa a laftof ɗin, wanda ba shi da ikon sa sabuwar manhaja, na kuma liƙa wa burauzar abin toshe talla. Sai na zaunar da su biyun. Na buɗe bidiyo ya cika allo, na ce Baffa ya fita da Esc, ya buɗe Task Manager da kansa, ya rufe Chrome, ya sake buɗewa ya tsallake Restore. Ya maimaita har hannunsa ya saba, sannan ya ɗauko jan bironsa ya rubuta matakan a cikin murfin littafinsa.

Yaron, da ya ga ba faɗa za a yi masa ba, ya ciro Infinix ɗinsa ya ce shi ma tana yi masa irin haka: waya ta yi ta rawa a hannu, a ce batirinta ya lalace, in ya koma baya shafin ya sake dawowa. Na nuna masa ya daina danna komawa baya, ya taɓa akwatin lissafin shafuka da ke sama ya share wancan. In ta ƙi, ya shiga Settings na wayar, ya nemo burauzar a jerin manhajoji, ya latsa Force stop, ya kashe data kafin ya sake buɗewa don ya samu sararin rufe shafin. Muka duba izinin sanarwa a tasa burauzar, muka tarar da jeri wanda ya fi na kakansa tsawo, muka toshe.

Da na isa shago na shigar da adireshin a fom ɗin kai rahoto na Google Safe Browsing, tsarin da ke sa burauza ta nuna jan gargaɗi kafin a shiga shafi mai haɗari, na kuma aika wa Microsoft ta shafinsu na karɓar rahoton damfara, har da lambar wayar. Da na sake gwada adireshin da yamma a tsohuwar kwamfutata, ya riga ya mutu. Masu irin wannan aiki ba sa daɗewa a adireshi ɗaya, shi ya sa na bar abin toshe tallan a kunne, na kuma duba na tabbatar Chrome ɗin Baffa tana sabunta kanta.